Jagorar Zaɓen Kayan Birkin Faifai Domin Tsohuwar Mota a Legas

Duk wanda ya taɓa ratsa ruwan da ke kwanciya a titunan Legas cikin watan Yuni ko Yuli da tsohuwar mota mai birkin ganga ya san abin da ke biyo baya. Kana fita daga ruwan, ka taka birki, sai ka ji fedar tana nan da ƙarfinta amma motar tana ci gaba da tafiya kamar ba a yi mata magana ba, domin ruwa ya shiga cikin gangar ya zauna tsakanin lainin, wato takalmin da ke goga gangar, da ƙarfe. Birkin faifai, wanda makanikai ke kira diski, yana watsar da ruwa da kansa yayin da yake juyawa, kuma iska na sanyaya shi kai tsaye, shi ya sa masu tsofaffin motoci da yawa a Agege da Idi-Araba da Obalende suke son sauya birkin gaba daga ganga zuwa faifai. Niyyar mai kyau ce, kuma ni kaina na yi wannan aiki a kan Volkswagen Beetle da na gada. Abin da aikin ya koya mini shi ne birki gida guda ne: faifai da kalifa (abin da ke matse faifan) da masta (famfon da ke tura man birki idan an taka feda) da bututu da feda duk sai sun yarda da juna, kuma wanda ya saye su ɗaya bayan ɗaya gwargwadon abin da ya yi masa kyau a ido zai iya ƙarewa da birkin da bai kai wanda ya cire ba.

Mataki na farko: san motar da ke hannunka

Kafin a yi maganar kasuwa, a ɗaga motar a kan jak, a sa mata matokari mai ƙarfi, a cire taya a duba. Wasu motocin da muke kira tsofaffi sun fito daga masana'anta da faifai tun asali. Fijo 504, wadda aka fara yi a 1968 kuma aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna shekaru masu yawa, tana da faifai a gaba, haka ma Marsandi W123 tana da shi a ƙafafu huɗu. Irin waɗannan gyara suke bukata, wato sabon faifai da sababbin robobin kalifa, kuma kuɗin sauyi a kansu asara ne. Waɗanda ke bukatar sauyi su ne irin Beetle mai ganga a gaba, da Fijo 404 ta farko-farko, da Land Rover Series wadda ta riƙe ganga a ƙafafu huɗu har zuwa ƙarshen Series III a 1985.

Kada ka dogara da shekarar da ke rubuce a takarda. Motar da ta yi shekara hamsin a Najeriya ta bi hannaye da yawa, kuma sau tari an canza mata gaba ɗungurungum da na wata motar bayan hatsari. A Beetle akwai gaba iri biyu gwargwadon mahaɗar da taya ke murɗawa a kanta, tsohon mai sandar fin da sabon mai boljoyin wanda ya shigo a Jamus tsakiyar shekarun 1960, kuma kayan wannan ba sa hawa wancan. Masana'antar Volkswagen da aka buɗe a Ojo, kan hanyar Badagry, a 1975 ta yi hulɗa sosai da Barazil, har motar da muka sani da suna Igala ita ce Brasilia ta can, don haka motar da aka harhaɗa a nan ba lallai ta bi jadawalin shekarun Jamus da ke cikin kundin masu sayar da kaya na waje ba. Akwai kuma batun sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi a watan Afrilun 1972, saboda haka motar da ta girmi wannan shekara tana iya kasancewa mai sitiyari a dama, ko wadda aka mayar da shi hagu daga baya, kuma wannan yana shafar inda masta ke zaune da tsawon bututun da za ka saya.

Ka ɗauki littafi da ma'aunin baniya, wato na auna kauri da faɗi a milimita, ka rubuta waɗannan abubuwa da hannunka: adadin ƙusoshin taya da faɗin da'irar da suke kai, faɗin rim da zurfinsa daga ciki, kaurin sifindil, wato sandar da taya ke juyawa a kanta, a wuraren da boris biyu ke zama, tazarar ramukan da ke riƙe da farantin bayan ganga, da faɗin cikin masta wanda galibi yake rubuce a jikinta. Tsohuwar Beetle tana da ƙusoshi 5 a kan da'irar milimita 205, wadda ta biyo bayanta kuma 4 a kan 130. Fijo 504 tana da 4 a kan 140, 404 kuwa ƙusoshi 3 gare ta, Land Rover Series kuma 5 a kan 165.1. Idan kana son riƙe rim ɗinka na asali, wannan adadi shi zai yanke maka rabin shawara tun kafin ka fita daga gida. Mai Beetle ya kuma tuna cewa notin sifindil na hagu haƙorinsa a juye yake, ana kwance shi ne ta inda ake ɗaure sauran, kuma an lalata sifindil da yawa saboda rashin sanin haka.

Mataki na biyu: daga ina kayan za su fito

Hanya uku ce. Ta farko, kuma wadda na fi amincewa da ita, ita ce neman kayan da kamfanin motar ya yi da kansa domin wani samfurin na gidan. Volkswagen ta sa faifai a gaban Beetle 1500 ta Turai da Karmann Ghia tun daga 1966, faifai mai faɗin milimita 278 da kalifa mai fistin biyu, don haka mai gaban boljoyin yana iya ɗaukar sifindil da faifai da kalifa na wannan tsari ya ɗaura ba tare da ya huda ko ya yanka komai ba. Injiniyoyin da suka ƙera motar sun riga sun yi lissafin, kai ɗaurawa kawai za ka yi. Hanya ta biyu ita ce cikakken saiti da ake sayarwa a Amurka ko Ingila ko Jamus, wanda ke zuwa da mariƙin kalifa da boris da tiyo. Yana da sauƙin ɗaurawa, amma ka tambayi mai sayarwa tambaya guda kafin ka tura kuɗi: fad ɗin wace mota ce, wato takalmin da ke goga faifai, ke shiga wannan kalifa? Idan amsar wata mota ce da ba a taɓa ganin irinta a Ladipo ba, duk lokacin da fad ya cinye sai ka jira jirgi da canjin dala. Hanya ta uku ita ce haɗa kayan tokumbo daga wata motar zamani, a sassaƙa mata mariƙi a wurin masu tana, wato masu injin sassaƙa ƙarfe. Ita ce mafi araha a rana ta farko, kuma ita ce ta fi bukatar ilmi, ban kuma ba da shawararta ga wanda ba shi da makanikin da ya iya lissafi ba.

A kasuwar Ladipo da ke Mushin, da kasuwar kayan mota ta ASPAMDA a Trade Fair, za ka samu sabo da tokumbo da jabu a layi ɗaya. Ƙa'idata ita ce jikin kalifa da sifindil da hob (mazaunin da ake ɗaura faifai da taya a kai) ana iya sayen tokumbonsu idan ba su da tsaga kuma tsatsa ba ta ci su ba, amma faifai da fad da tiyo da robobi da boris da masta sababbi za a saya, daga sunayen da aka sani irin su ATE, TRW, Bosch, Ferodo ko Textar. Ka tafi da tsohon kayanka da ma'auninka, ka auna a gaban mai shago, domin "zai shiga, Alhaji" ba awo ba ne.

Mataki na uku: faifai

Faɗin faifai rim ne ke iyakance shi. Faifai mai faɗi yana ba kalifa ƙarin ƙarfin riƙo, kamar yadda dogon sifana ke kwance noti cikin sauƙi, amma dole kalifa ta zauna a bayansa cikin rim da sararin da bai gaza milimita 3 ba ta kowane ɓangare. Tsofaffin rim na ƙarfe da aka yi domin ganga suna da siffar ciki da kan taɓa kalifa ko da inci ɗinsu ya isa, saboda haka gwaji da rim ɗin kansa, a juya shi da hannu ana saurare, ya fi lissafin takarda. Kada a manta da tayar safaya, ita ma sai an gwada ta.

Akwai faifai ɗanye mai ƙarfe guda, akwai mai ramukan iska a tsakiya. Mota marar nauyi kamar Beetle, wadda ba ta wuce kilo 800 da ɗoriya ba, ɗanyen ya ishe ta. Mota mai nauyi da ke ɗaukar kaya ko yin doguwar tafiya, irin Land Rover da za ta tashi daga Legas zuwa Kano, mai ramukan iska ya fi dacewa da ita, da sharaɗin kalifar ta kasance mai faɗin bakin da zai karɓi kaurinsa. Faifai mai huji-huji a fuska da ake tallatawa saboda kyan gani ban ga amfaninsa a nan ba: ramukan na tara laka da tsatsa a damina, kuma mai arha daga cikinsu yakan fara tsagewa daga bakin hujin. A gefen kowane faifai na kirki akwai adadin mafi ƙarancin kauri da aka buga a jikin ƙarfen, kuma faifan da ba shi da wannan rubutu ka bar wa mai shi kayansa. Bayan an ɗaura, a sa agogon awo a fuskarsa a juya; idan karkatarsa ta kusa kashi ɗaya cikin goma na milimita za ka ji feda na rawa a ƙafarka, kuma sau da yawa laifin ƙurar tsatsa ce da ba a goge daga fuskar hob ba.

Mataki na huɗu: kalifa da mariƙinta

A nan ne ido ke yaudarar mutane. Kalifa mai fistin huɗu, ja ko rawaya, da aka ciro daga babbar mota tana burge mai kallo, amma girman fistin dole ya dace da nauyin da ke kan tayar. Yayin taka birki nauyi na zubowa gaba, shi ya sa a motar da injinta ke gaba birkin gaba yake ɗaukar kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na aikin. Beetle kuwa injinta a baya yake, kusan kashi 60 na nauyinta yana can, gabanta ba shi da nauyi. Fistin ɗin kalifarta ta asali milimita 40 ne kacal. Idan ka ɗaura mata kalifa mai fistin 54 ko 60, tayoyin gaba za su ƙulle tun kafin na baya su fara aiki, kuma tayar da ta ƙulle a jiƙaƙƙen titi ba ta jin sitiyari, duk inda ka murza motar miƙewa za ta yi.

Lissafin ba shi da wuya. Faɗin fuskar fistin mai milimita 40 ya kai murabba'in santimita 12.6, na mai 54 kuwa 22.9, wato kusan ninki biyu, duk da cewa a ido bambancin bai kai haka ba. Ga kalifar da fistin ɗinta ke fuskantar juna ta ɓangare biyu, na ɓangare ɗaya kawai ake ƙirgawa idan ana kwatanta ta da kalifa mai zamewa mai fistin guda. Mai zamewar ta fi araha kuma ba ta cin wuri ta wajen rim, sai dai sandunan da take zamewa a kai suna bukatar giris na musamman da robobi masu lafiya, domin a unguwannin da iskar teku ke bugawa, kamar Lekki da Apapa, tsatsa kan kama su cikin damina ɗaya idan motar ajiya ce da ba a fita da ita kullum.

Kalifa tana da hagu da dama. Alamar ita ce kan fitar da iska, wanda makanikai ke kira nifil, dole ya kasance a sama bayan an ɗaura, domin iska sama take taruwa. Idan aka musanya su zai koma ƙasa, kuma ko za ku kwana kuna famfo feda ba za ta yi tauri ba. Game da mariƙi kuwa, shi ke ɗauke da duk ƙarfin tsayar da mota. A yanke shi daga farantin ƙarfe guda mai kauri, a huda shi a kan inji, a ɗaure shi da ƙusoshi masu lambar ƙarfi 10.9 a kansu, a ja su da sifana mai auna ƙarfi. Guntayen ƙarfe da aka haɗa da walda a bakin titi ba su da wuri a nan, haka nan ba a yi wa sifindil walda ko a gasa shi da wuta domin a lanƙwasa shi. Bayan ɗaurawa, faifai ya zauna daidai tsakiyar bakin kalifa, fad kuma ya kwanta duka a kan fuskar faifan ba tare da gefensa ya leƙo waje ba.

Mataki na biyar: masta, inda aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci

Lokacin da na gama ɗaura faifai a motata na bar tsohuwar masta, domin mai sayar mini da kayan ya ce ba ta da matsala. Ran da na fara hawa gadar Third Mainland da ita, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12, ban kai rabi ba na ji motar tana nauyi kamar ana jan ta ta baya, sai warin ƙuna ya cika ciki. Da na samu wuri na tsaya, rim ɗin gaba ba ya taɓuwa don zafi. Washegari na kai ta wurin wani dattijon makaniki a Agege, ya ɗaga gaba, ya murza taya da hannu ta ƙi juyawa, ya sassauta nifil, mai ya yi tsartuwa, nan take tayar ta saki. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka ba ta sabon takalmi amma ka bar mata tsohuwar zuciya." Na ce, "Baba, me ya rage?" Sai ya kwance bakin mastar ya nuna mini wani ɗan bawul da bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Wannan bawul aikinsa riƙe ragowar matsi a cikin bututu, kimanin fam 10 a kan murabba'in inci, domin robobin silindar ganga su zauna a buɗe kuma sifirin ɗin da ke jan lainin baya kada ya mayar da mai duka. Kalifa ba ta da irin wannan sifirin, don haka matsin da ya rage yakan bar fad manne da faifai har ya yi zafi. Layin da ke zuwa faifai ba ya son wannan bawul, sai dai inda masta ke ƙasa da kalifa a tsayi, a nan akan sa ƙarami mai fam 2 domin kada mai ya gangara baya. Layin da ke zuwa gangar baya kuwa yana nan da bukatar nasa mai fam 10. Mafi sauƙi shi ne sayen masta da aka yi musamman domin faifai a gaba da ganga a baya.

Ta kasance mai layi biyu. Tsofaffin motoci da yawa sun zo da masta mai layi ɗaya, wadda idan tiyo guda ya fashe ƙafafu huɗu ke mutuwa lokaci ɗaya, kuma tun 1967 Amurka ta koma wa mai layi biyu a sababbin motoci saboda wannan dalili. Tunda an riga an buɗe aikin, barin mai layi ɗaya ganganci ne.

Sai faɗin cikinta, wanda mutane da yawa ke fahimta a juye, suna zaton babbar masta ita ce mai ƙarfi. A ɗauka ka taka feda da ƙarfin kilo 30, fedar kuma tana ninka ƙarfin sau 6, kamar yadda aka saba a motar da ba ta da sarbo (na'urar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi da zuƙar iskar inji), wato kilo 180 ke isa ga masta. Idan faɗin cikinta milimita 19 ne, fuskarta murabba'in santimita 2.84 ce, matsin zai kai kusan kilo 63 a kan kowane murabba'i. Idan mai milimita 25.4 ce, fuskarta 5.07, matsin zai faɗo zuwa kusan 35. Ƙafa ɗaya, ƙarfi ɗaya, amma birkin ya ragu kusan rabi, fedar ta yi tauri kamar dutse, motar kuma ba ta tsayawa. Idan kuma mastar ta yi ƙanƙanta ga manyan kalifofi, man da take turawa ba zai cika su ba sai feda ta kusa taɓa ƙasa. Ana neman tsakiya ne, kuma mafi aminci shi ne ɗaukar faɗin mastar motar da aka ciro kalifar daga gare ta, tare da lura ko waccan motar tana da sarbo. Tankin mai ma ya zama mai girma, domin yayin da fad ke cinyewa fistin na fitowa, mai kuma na sauka ya cike gurbin.

Sarbo ba dole ba ne ga ƙaramar mota. Beetle mai faifai ta asali ba ta da shi. Ga mota mai nauyi yana da amfani ƙwarai, musamman a gosulon Oshodi inda ƙafa ke kan birki awa guda, amma yana bukatar zuƙar iska mai kyau daga inji, injin dizal kuma sai an sa masa famfo na daban. Fedar motar da ke da sarbo takan ninka ƙarfi sau 4 ne kawai, don haka idan aka ƙara sarbo a kan feda mai ninki 6 birkin zai zama mai fizga. A bar ɗan wasa kaɗan, kamar milimita ɗaya, tsakanin sandar feda da fistin ɗin masta, domin idan babu shi ramin da mai ke komawa tanki zai toshe, birki ya sake kamawa da kansa.

Mataki na shida: baya, bututu da mai

Yawancin masu tsofaffin motoci ba sa bukatar faifai a baya. Ganga mai sabon lainin da sabuwar silinda, wadda aka daidaita da kyau, ta isa, kuma tana riƙe birkin hannu fiye da yawancin kalifofin baya. Abin da ake tsoro shi ne baya ya riga gaba ƙullewa, domin a nan ne mota ke juyawa ta fuskanci inda ta fito. Idan gwaji ya nuna haka, a sa bawul mai rage matsi a layin baya, wanda ake iya murzawa a daidaita. Wajen kwance tsohuwar ganga kada a hura ƙurarta da iska, a jiƙa ta a goge, saboda tsohon lainin yakan ƙunshi asbestos mai illa ga huhu.

Bututun ƙarfe da ya shekara arba'in a canza shi duka. Na gaurayen tagulla da nikel mai faɗin milimita 4.75 ba ya tsatsa kuma yana lanƙwasuwa da hannu, amma bututun jan ƙarfe zalla na masu gyaran firji ba na birki ba ne, girgiza na sa shi tsagewa. A lura da bakin bututu: motocin Jamus da Faransa galibi suna amfani da baki mai kumburi da haƙori M10 na ma'aunin mita, na Amurka da tsofaffin na Ingila kuma haƙorinsu na inci ne, kuma noti na iya shiga zagaye biyu ko uku kamar ya dace alhali yana cin haƙorin. Tiyon roba ya zama mai rubutun SAE J1401, alamar ingancin tiyon birki, a jikinsa, tsawonsa kuma a gwada shi da sitiyari a murɗe ƙarshen hagu da ƙarshen dama, mota a ɗage da kuma a ƙasa, kada ya miƙe tsaf ko ya goga taya.

Man birki DOT 4 ya dace da wannan aiki. Sabonsa ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, DOT 3 kuma 205, amma duka biyun suna shan danshin iska, kuma DOT 4 da ya sha ruwa yakan tafasa a wajen 155. A gari mai laima kamar Legas kada a wuce shekara biyu ba a zubar an sa sabo ba, kuma a saya a rufaffen gwangwani, kada a karɓi na awo a buɗaɗɗiyar kwalba. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran, kuma kada a ruɗe shi da DOT 5.1. Man inji ko na giya ko ɗigo ɗaya ya shiga, robobi za su kumbura, sai an canza su duka. Fad kuwa a ɗauki na titi na yau da kullum, mai alamar inganci ta ECE R90 ko haruffa irin FF a gefensa, waɗanda ke nuna ƙarfin riƙonsa a sanyi da a zafi. Fad na tsere sai ya yi zafi yake kamawa, kuma motar da ke fita sallar Juma'a da ɗaurin aure ba za ta taɓa ba shi wannan zafin ba.

Mataki na bakwai: gwaji

A fitar da iska daga ƙafar da ta fi nisa da masta zuwa mafi kusa, bayan an cika mastar da mai an fitar da tata iskar a kan benci. Sannan a taka feda da ƙarfi a riƙe ta rabin minti. Idan tana nutsewa a hankali akwai yoyo, ko a waje ko a cikin masta, kuma motar ba ta fita titi sai an gano shi. A duba kowace mahaɗa da busasshen yatsa.

Gwajin farko a yi shi da sassafe a titin da babu jama'a, cikin tafiyar ƙafa, kafin a ƙara gudu. Domin fad ya kwanta a kan faifai, a rage gudu daga kilomita 60 zuwa 10 kamar sau takwas ko goma a jere ba tare da tsayawa cak ba, sannan a yi tafiyar minti biyar ba taka birki domin ya huce. Bayan haka a samu fili mai faɗi a sa wani ya tsaya gefe yana kallo, a taka da ƙarfi a gudun kilomita 30 ko 40, a ga wace ƙafa ce ke fara ƙullewa. Gaba ake so, biyun tare, motar kuma ta tsaya a miƙe. A maimaita a jiƙaƙƙen wuri. Tun da birki yanzu ya fi da kamawa, duk raunin da ke cikin boljoyin da bushi da shakazoba da tsofaffin tayoyi zai bayyana, kuma taya mai shekara goma, ko da zanenta bai goge ba, za ta zame kafin faifan ya nuna abin da zai iya.

Bayan tafiyar kilomita 100 ta farko a sake ɗaga motar, a bi ƙusoshin mariƙi da na taya da sifana mai auna ƙarfi, a girgiza taya a ji ko boris ya yi sako-sako, a duba matakin mai. A cikin littafin da aka fara rubuta awo a ƙara lambar fad da ta faifai da ta boris da faɗin masta da sunan motar da aka ciro kowanne daga gare ta, a ajiye shi a aljihun motar tare da takardunta, domin makanikin da zai buɗe ƙafar nan gaba zai tarar da kayan da babu su a littafin kamfani, kuma da wannan takarda ce yaronsa zai shiga Ladipo ya sayo daidai.